Faks a Zamanin Intanet: Wa Ke Tsakaninka da Wanda Ka Aika Wa?

 

Na san a cikinku akwai waɗanda da suka ji abin da za mu tattauna suka ce a ransu, faks kuma? A wannan zamani da hoton takarda ke tashi daga Kano ya sauka Jidda tun kafin mutum ya mayar da wayarsa aljihu? Matasan da ke kujerun baya, da yawansu ba su taɓa ganin na'urar da idonsu ba. Tambayar tana kan hanya. Amma ranar da ɗayanku zai nemi a duba takardun mara lafiyarsa a wani asibiti a Jamus, ko ya bi haƙƙinsa wajen wani kamfanin inshora a Amurka, ko ya ƙulla ciniki da wani ƙaramin kamfani a Japan, yana iya jin an ce masa ba sa karɓa ta imel, sai dai ya turo ta faks. A ranar zai waiga ya ga babu na'urar a gidansa, babu a ofishinsa, babu ma layin wayar girke da za a jona ta. Ƙofa ɗaya ce ta rage masa, wato aika faks ta intanet. Hanyar tana aiki, tana da sauƙi, kuma ba ta da tsada. Abin da ya tsayar da ni gabanku shi ne, amincin da aka ba faks tun asali yana da dalili, kuma wannan dalilin ya kau tun daga ranar da saƙon ya fara bin intanet. Duk wanda zai bi wannan hanya ya kamata ya san ta hannun wa sirrinsa ke wucewa.

Faks ya girmi wayar tarho. A 1843 wani mai gyaran agogo ɗan Sikotilan, Alexander Bain, ya yi rajistar wata na'ura da ke kwafar rubutu ta tura shi ta wayar tangaraho. A 1865 wani limamin Kirista ɗan Italiya, Giovanni Caselli, ya kai ga an buɗe hidimar aika rubutun hannu tsakanin biranen Faris da Liyon na Faransa, kuma babban aikin da aka ba ta shi ne tabbatar da sa hannun mutane a harkar banki. Sai a 1876 Alexander Graham Bell ya yi rajistar tarho. Ku riƙe wannan magana ta sa hannu, domin ita ce ta raya faks tun daga farko, ita ce kuma ta hana shi mutuwa har yau.

An fi shekara ɗari kafin ya shiga ofisoshin talakawa. Na'urar da kamfanin Xerox ya fitar a 1966 tana cin minti 6 kafin ta tura shafi ɗaya, kuma na'urorin kamfanoni daban-daban ba sa fahimtar juna. A 1980 ne Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta amince da ƙa'idar da ake kira rukuni na 3, wadda ta sa kowace na'ura ta iya magana da kowace, shafi kuma ya riƙa wucewa cikin ƙasa da minti ɗaya. Japanawa ne suka fi kowa rungumarsa, kamfanoninsu irin su Canon da Ricoh da Sharp da Panasonic suka cika duniya da na'urorin. Dalilinsu a fili yake. Rubutunsu yana da dubban alamomi, keken rubutu da teleks ba sa ɗaukarsa cikin sauƙi, shi kuwa faks bai damu da harshen da ka yi rubutu ba, hoton abin da ke kan takarda yake ɗauka. Wannan alheri ya shafe mu mu ma. Wasiƙar ajami ko ta Larabci da aka rubuta da alƙalami, wadda teleks ba zai iya kai wa ko'ina ba, faks zai kai ta da wasullanta da hatiminta.

Manyanmu da ke nan za su tuna yadda abin yake a ƙasar nan a shekarun 1990. Layin waya na NITEL ne, kuma kafin zuwan wayar salula a 2001, layukan da ke aiki a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. Mai layin 064 a Kano ko 062 a Kaduna, in ya ɗora masa na'urar faks, ya samu jari. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke jiran takardar farashi daga Dubai ko Hong Kong, da mai neman gurbin karatu a waje, da mai harkar tafiye-tafiye, duk shagon waya suke zuwa su biya kuɗin shafi. Da wayar salula ta zo, wayar girke ta yi ta ja da baya har ta zama sai labari, faks kuma ya bi ta, domin layin murya na salula ba a yi shi don ɗaukar sautin faks ba. Mu mun tsallake zuwa imel, daga nan zuwa WhatsApp. Waɗansu ƙasashe da suka fi mu arzikin layuka ba su tsallake ba, shi ya sa yau muke bukatar hanyar da za mu riske su inda suke.

Ba za a gane matsalar intanet ba sai an fara gane abin da na'urar ke yi. Idan ka sa takarda, tana karanta ta layi-layi daga sama zuwa ƙasa. Kowane layi tana raba shi ɗigo 1,728, kowane ɗigo kuma ɗayan biyu ne, baƙi ko fari. Ba ta tura ɗigon ɗaya bayan ɗaya. Ƙirgawa take yi, ta ce fari kaza a jere, sai baƙi kaza, sai fari kaza, shi ya sa shafin da rubutunsa kaɗan ne yake wucewa da sauri, mai hoto kuma ya daɗe. Wannan ƙirgen take mayarwa sauti ta zuba a layin waya. Ƙarar nan da tsofaffin ma'aikata suka saba ji gaisuwa ce tsakanin na'urori biyu. Mai kira tana fitar da sauti mai kaɗawa sau 1,100 a sakan, mai amsawa ta mayar da na 2,100. Daga nan mai amsawa ta faɗi abin da take iyawa, su daidaita kan gudu, su gwada layin. In layin mai kyau ne su tafi a kan ƙwayar bayani 14,400 a sakan, in yana da hayaniya su sauko 9,600, su ci gaba da saukowa har 2,400. Bayan kowane shafi mai karɓa tana cewa ya iso lafiya ko a sake. A ƙarshe mai aikawa ta buga 'yar takardar shaida da lamba da lokaci da yawan shafuka.

Ku lura da abin da ke ƙarƙashin duk wannan. A tsohon tsarin tarho, da zarar an ɗaga kira, an keɓe muku hanya ku biyu har ku gama. Babu inda takardar ke kwana. Ba a ajiye kwafinta a wata kwamfuta a tsakiya. Wanda zai saci saƙon sai ya jona waya a layin a daidai lokacin da ake turawa. Daga nan amincin faks ya samo asali, kuma a lokacinsa aminci ne na gaskiya.

Intanet ba ta keɓe wa kowa hanya. Tana yanka saƙo ƙananan ƙunsoshi, kowane ya bi inda ya samu, wani ya riga wani, wani ya makara, wani ya ɓace. Idan hira kuke yi ta murya, ɓatan ƙunshi ɗaya ba ya hana fahimta, kunne yana cike gurbin. Na'urar faks ba ta da wannan haƙuri. Gutsure kaɗan ya ɓace, layi ya lalace, ko ta ɗauka an katse kiran. Ƙari a kan haka, yawancin hanyoyin kiran murya ta intanet suna matse sauti don rage nauyi, suna zubar da abin da kunnen mutum ba ya bukata, alhali abin da aka zubar ɗin shi ne saƙon faks. Shi ya sa wanda ya ɗauki tsohuwar na'ura ya jona ta kai tsaye a layin murya na intanet yakan ga shafi ɗaya ya wuce, biyar sun maƙale.

An daɗe ana neman mafita. A 1993 wasu masana biyu a Amurka, Carl Malamud da Marshall Rose, suka yi gwajin da ya ba mutum damar tura imel ya fito a na'urar faks a wani gari, inda masu sa kai ke ɗaukar nauyin kiran cikin gida. A tsakiyar shekarun 1990 wani mawaƙi Bajamushe, Jaye Muller, wanda yawon wasa daga otal zuwa otal ke sa saƙonninsa na faks su riƙa wuce shi, ya haɗa kai da Jack Rieley suka kafa JFax, kamfanin da ke ba mutum lamba ya riƙa karɓar faks a imel ɗinsa. A 2000 kamfanin ya haɗe da eFax, sunan da har yau ake ji a wannan sana'a. A 1998 kuma ITU ta fitar da ƙa'idoji biyu da komai ya ginu a kansu.

Ta farko, T.37, ta ce a daina neman yin kiran kai tsaye. A mayar da shafukan hoto, a maƙala su a imel, a kai su wata babbar kwamfuta da ke kusa da mai karɓa, ita kuma ta buga lambar ta miƙa saƙon ta layin waya. Ajiyewa ake yi sannan a tura. Ta biyu, T.38, ta bar na'urorin biyu suna magana kai tsaye, amma ta sa wata na'ura a bakin kowane ɓangare. Ta wannan gefen tana sauraron sautin, ta mayar da shi bayanin asali, ta zuba a ƙunsoshi, kuma kowane ƙunshi yana ɗauke da kwafin waɗanda suka gabace shi, ta yadda in ɗaya ya ɓace na bayansa zai cike. Ta wancan gefen kuma ta sake mayar da shi sauti. In ƙunshi ya makara, tana da dabarun da take riƙe na'urar faks ɗin da su don kada ta gaji da jira ta katse. Aikin injiniya ne mai kyau ƙwarai, kuma shi ne ke riƙe da manyan asibitoci da bankunan da layukansu suka koma intanet.

Ga mutum ɗaya irina da irinku, abin ya fi haka sauƙi. Za ka yi rajista da ɗaya daga cikin kamfanonin da ke wannan hidima, ta shafinsu ko ta manhajar waya. Ka ɗauki hoton takardarka ko ka yi mata sikanin, ka mayar da ita PDF, ka rubuta lambar wanda za ka aika wa da lambar ƙasarsa a gaba, 49 in Jamus ce, 1 in Amurka ce, 81 in Japan ce, sannan ka tura. Wasu kamfanonin suna ba ka damar yin haka daga cikin imel ɗinka, ka sa lambar faks ɗin a gurbin adireshi haɗe da sunan kamfanin. In karɓa kake so, sai ka yi hayar lamba, yawanci ta Amurka ko ta Birtaniya. Duk wanda ya buga ta, kwamfutar kamfanin ce za ta amsa da irin sautin da na'ura ke yi, ta karɓi shafukan, ta turo maka su a imel. Wanda ya aiko ba zai taɓa sanin cewa babu na'ura a gabanka ba. Wasu ƙasashe, kamar Jamus, ba sa ba da lambar gari sai ga mai adireshi a garin. Biya kuwa ko na wata ne ko na shafi, akwai kuma masu ba da 'yan shafuka kyauta.

Bari in tsaya kaɗan a kan takardar kanta, domin nan ne mutane ke yawan asarar kuɗi da lokaci. Komai kyan hoton da wayarka ta ɗauka, a ƙarshe zai koma baƙi da fari, ɗigo kusan 200 a inci ɗaya ta faɗi, ta tsawo kuma kusan 100, ko 200 in an zaɓi mai kyau. Inuwar hannunka da ta faɗo a kan takardar za ta fito baƙi ƙirin ta rufe rubutu. Sa hannun da aka yi da siririn biro mai haske zai ɓace. Hatimi ja a kan rubutu baƙi zai haɗe ya zama dunƙule. Hoton fuskar da ke kan fasfo ba zai ganu ba, hoton ƙashi ko na ciki da likita ke son gani kuwa, kada ma a gwada. Ka mayar da takardar baƙi da fari tun a wayarka ka duba ta da idonka kafin ka tura. Ka sa shafin farko mai ɗauke da sunan wanda ake nufi da sashensa da yawan shafuka da lambar da za a same ka. Ka rubuta sunan mai takarda ko lambar fayil a kan kowane shafi, domin a wancan gefen shafukanka na iya faɗawa cikin tulin na wasu. Wanda kuma yake da na'ura a kan layin intanet tana yawan katsewa, ya sauko da gudunta zuwa 9,600.

To, me ya hana waɗannan ƙasashe barin faks? Ba rashin wayewa ba ne, kuma ba na son mu ɗauke shi abin dariya. A Amurka asibitoci da ɗakunan gwaji da kamfanonin inshora kowa da manhajarsa, kuma sau da yawa manhajar wannan ba ta karanta ta wancan. Faks ne abin da kowa ke da shi. A Birtaniya, a 2018, ƙungiyar likitocin tiyata ta Ingila ta gano cewa asibitocin gwamnati na da na'urori kusan 9,000. Ministan lafiya na lokacin, Matt Hancock, ya hana sayen sababbi daga Janairun 2019, ya ce a daina amfani da su kafin ƙarshen Maris na 2020, wa'adin ya cika da sauransu suna aiki. A Jamus, binciken ƙungiyar kamfanonin fasaha ta Bitkom na 2023 ya nuna kashi 82 cikin 100 na kamfanoni suna amfani da faks, majalisar dokokin ƙasar ma sai a tsakiyar 2024 ta rabu da nata. A Japan, a 2021, minista Taro Kono ya nemi ma'aikatun gwamnati su bar shi, sai ɗaruruwan ƙorafe-ƙorafe suka taso daga cikin ma'aikatun kansu, aka sassauta. A can takarda da hatimin mutum suna tafiya tare, faks kuma yana ɗaukar duka biyun.

Amma riƙon nan yana da farashi, kuma an biya shi lokacin annobar korona. A 2020, a Jamus da Japan da wasu jihohin Amurka, sakamakon gwaji ya riƙa isa ofisoshin lafiya ta faks, ma'aikata suna zaune suna sake kwafar sunaye da hannu zuwa kwamfuta, alhali cutar tana yaɗuwa. Faks hoton rubutu yake kawowa, kwamfuta ba ta iya lissafi da shi sai mutum ya sake shigar da shi. Kowane kwafi jinkiri ne, kuma ƙofar kuskure ce.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar. Kamfanin da ke tsakaninka da wanda ka aika wa tamkar tafinta yake tsakanin mutum biyu da ba sa jin harshen juna. Ba zai iya aikinsa ba sai ya ji duk abin da ka faɗa. Ko da hanyar da ke tsakanin wayarka da kamfanin a kulle take, dole ya buɗe takardar a wajensa kafin ya mayar da ita sautin faks. Takardar asibitin mahaifiyarka, shafin fasfonka, bayanin asusunka na banki, duk sun zauna a buɗe a kwamfutar wasu mutane a wata ƙasa, kuma da yawan kamfanonin suna ajiye kwafi har sai ka goge da kanka. In kuwa ta imel ka tura ko ka karɓa, to sirrin takardar bai wuce ƙarfin kalmar sirrin imel ɗinka ba. Wanda ya shiga akwatinka ya ga duk faks ɗin da ka taɓa karɓa.

Hukumomi sun fara faɗin haka a fili. A 2021 hukumar kare bayanai ta jihar Biremen a Jamus ta bayyana cewa, tunda layukan waya sun koma intanet kuma mai aikawa bai san ko na'ura ce ko akwatin imel ne ke jira a ɗaya gefen ba, faks bai fi imel marar kulli aminci ba, don haka bai dace da bayanai masu nauyi irin na lafiya ba. Ƙasar Ostiriya ta hana aika bayanan marasa lafiya ta faks daga farkon 2025. A Amurka, ƙa'idojin da suka biyo bayan dokar harkar lafiya ta HIPAA ta 1996 sun cire faks daga jerin saƙonnin lantarki da ake tsaurara wa tsaro, amma da sharaɗin cewa bayanin bai kasance a cikin kwamfuta ba gab da aikawa. Wato takarda zuwa takarda ake nufi. Faks ɗin intanet bai shiga wannan rangwame ba, shi ya sa asibitocin can ke ƙulla yarjejeniya ta musamman da kamfanin da ke yi musu hidimar. Ita kanta na'urar ba ta tsira ba. A 2018 masu bincike na kamfanin Check Point suka nuna cewa da lambar faks kaɗai ana iya tura wani hoto da aka shirya musamman ya ƙwace wasu firintocin HP masu faks, daga nan a ratsa zuwa kwamfutocin ofishin. HP ya fitar da gyara, amma gyara sai wanda ya saka shi yake amfana.

Sai maganar shaidar isa, wadda ita ce abin da lauyoyi da akawuna suka fi ƙauna a faks. Me take tabbatarwa? Tana tabbatar da cewa wata na'ura a wannan lamba ta amsa kira ta karɓi shafuka kaza a lokaci kaza. Ba ta ce mutumin ya gani ba, ba ta ce rubutun ya karantu ba, ba ta ce lambar da ka buga ita ce daidai ba. Lamba ɗaya ta kuskure, takardar asibiti ta fito a shagon wani, kuma za a ba ka shaidar cewa ta isa. A faks ɗin intanet kuma tafiyar zango biyu ce. Saƙon farko da za ka gani yana cewa kamfanin ya karɓi takardarka. Wannan ba isa ba ne. Sai ka jira na biyu, wanda ke cewa an buga lambar an miƙa shafukan, domin layin can na iya kasancewa ana kan amfani da shi, kamfanin ya yi ta gwadawa ya gaji. In akwai wa'adi a kan takardar, na kotu ne ko na makaranta, kada a bari sai daren ƙarshe, kuma bayan an tura a kira a ji daga bakin mutum cewa ta iso cikakkiya.

Haka nan in kai ne mai karɓa. Layin nan da ke saman shafi mai ɗauke da suna da lambar mai aikawa, mai na'urar ne ya rubuta shi da hannunsa, yana iya sa sunan kowane banki ya ga dama. Mu a ƙasar nan bai kamata a koya mana wannan ba. A shekarun 1980 da 1990, kafin imel ya yaɗu, wasiƙun damfarar da aka sa wa suna da sashe na 419 na dokar laifuka ta gidan waya da ta faks suke fita, da kan takardar hukuma na jabu da hatimi na jabu, kuma zubar da mutuncin da suka jawo mana har yau muna biya. Yau dabarar ta juyo da fuskarta gare mu. Imel ne zai shigo yana cewa an aiko maka da faks, danna nan ka gani, da tambarin wani sanannen kamfani a sama. In ba ka yi hayar lamba ba, babu faks ɗin da zai same ka ta imel. In kana da lamba, ka shiga asusunka da kanka ka duba, kada ka bi ta mahaɗin da aka turo.

Ba ina cewa a guje shi ba ne. Yana da fa'idar da tsohuwar na'ura ba ta da ita. Takardar naɗi mai sheƙi da aka saba bugawa a kai tana dushewa da zafi da haske, a irin yanayinmu kuwa rubutun kan ɓace tun shari'a ba ta ƙare ba. PDF ba ya dushewa. Takarda ba ta zama a buɗe a kan tire kowa ya wuce ya leƙa. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, a sashe na 84, ta amince da takardun da suka fito daga kwamfuta, da sharaɗin a kawo bayanin yadda aka samar da su da kuma cewa na'urar tana aiki daidai. Saboda haka wanda ke aika takardar ciniki ya ajiye abu uku wuri ɗaya, wato ainihin abin da ya tura, da shaidar isa ta biyu, da amsar da aka ba shi.

Ga masu ofisoshi kuwa, asibiti ne ko kamfanin tafiye-tafiye ko ofishin lauya, nauyin ya fi haka. Takardun da kuke turawa ba naku ba ne, amanar mutane ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora muku alhakin abin da ya same su, har da lokacin da aka fitar da su ƙasar waje. Kafin ku zaɓi kamfani ku tambaye shi a wace ƙasa yake ajiye takardu, kwana nawa suke yi kafin a goge, ko a kulle suke a ajiyar, kuma wane ma'aikacinsa ne ke iya buɗewa. Ku zaɓi wanda zai sanar da ku ta imel cewa saƙo ya iso amma ya bar takardar a asusun da sai an shiga da kalmar sirri da lambar tabbatarwa ta waya. Hidimar kyauta ta dace da takardar neman farashin kaya. Ni dai ba zan ba da shawarar a sa fasfo ko sakamakon gwajin jini a cikinta ba, domin wanda bai karɓi kuɗinka ba da wuya ya ɗauki wani alkawari a kan sirrinka. Ma'aikaci kuma in ya bar aiki, a canza kalmar sirrin a ranar.

Su kansu masu neman a turo musu ta faks, ƙasar da suke tsaye a kai tana motsawa. Jamus ta riga ta mayar da layukan wayarta kan fasahar intanet. A Birtaniya, a 2023 hukumar sadarwa ta Ofcom ta cire faks daga hidimomin da dole kamfanin waya ya samar, kuma an tsayar da ƙarshen Janairun 2027 don rufe tsohon layin tarho. Ma'ana, ko likitan da ke da na'ura a kan teburinsa, saƙonsa intanet yake bi ko ya sani ko bai sani ba. Da yawan waɗannan asibitoci da makarantu yanzu suna da shafi mai tsaro da ake ɗora takardu kai tsaye, sai dai ma'aikacin da ya amsa wayarka yakan faɗi abin da ya saba. Ka tambaye shi ko akwai irin wannan shafi. In akwai, ka bi ta nan. In ya ce babu sai faks, ka nemi ya maimaita maka lambar, ka tambayi sunan wanda zai ɗauki takardar, ka cire duk shafin da ba a nema ba, sannan ka tura.